Marar Kunya, Mahaukaci ko Marar Imani: Wane Suna Ya Dace da Mai Busasshiyar Zuciya?

A watan Yulin 2025 ne labarin Banga, ta ƙaramar hukumar Ƙaura Namoda, ya fito fili. Watanni kafin nan ɓarayin daji sun kwashe mutum fiye da 50 daga garin. Aka yi ciniki, dangi suka yi karo-karo, aka kai miliyoyin naira. Mutum 18 suka dawo gida, kusan dukansu mata. Fiye da 30 kuwa an kashe su bayan kuɗi sun riga sun shiga hannu. A majalisun Ƙaura da Moriki da Badarawa, bayan salati da addu'a, abin da ya rage wa mutane shi ne laluben sunan da za su kira masu wannan aiki. Wani ya ce mahaukata ne. Wani ya ce ai ko dabba ba ta haka. Tsofaffi, da harshensu na Zamfara, su ce mutanen nan ba su da kumya, ba su da imani. 'Yan boko kuma suna can Facebook suna rubuta kalmar da suka tsinto a finafinai, wato saikofat.

Kowane ɗaya daga sunayen nan yana tafe da hukuncinsa. Mahaukaci asibitin Kware ake kai shi. Marar kunya tsawata masa ake yi a gaban jama'a. Marar imani wa'azi ake yi masa. Ɗan ta'adda yaƙarsa ake yi. In aka yi kuskuren suna, an yi kuskuren magani, kuma a ƙasar da ta yi shekaru tana zaman sulhu da masu bindiga, kuskuren nan rayuka yake ci.

Mu fara sallamar mahaukaci, don shi ne mafi sauƙi. Mutumin da ya iya sa farashi a kan kowane kai, ya san dutsen da zai hau ya sami sabis, ya ƙirga kuɗi har ya gane an rage masa, ya kuma sa a haɗo masa da babur da katin waya, hankalinsa bai gushe ba. A fiƙihu an ɗauke wa mahaukaci alƙalami saboda bai san abin da yake yi ba. Sashe na 51 na kundin Penal Code da Arewa ke aiki da shi ma haka ya tsara: wanda taɓin hankali ya hana shi sanin irin aikin da yake aikatawa, ko sanin cewa laifi ne, ba a kama shi da laifi. Wanda duk ya kira makashin Banga mahaukaci ya yi masa belin da bai roƙa ba, ya kuma ɓata sunan bayin Allah da ke fama da taɓin hankali, waɗanda mafi yawansu su ake cuta, ba su ke cutar kowa ba.

Wannan ruɗani shi ne ainihin abin da ya haifi kalmar Turawa. A 1801 wani likitan Faransa, Philippe Pinel, ya rubuta game da mutanen da ke aikata ta'asa alhali tunaninsu garau yake, ya kira abin hauka marar gushewar hankali. A 1835 James Prichard na Ingila ya kira shi haukan ɗabi'a. A ƙarshen ƙarni na 19 likitocin Jamus suka yaɗa kalmar da ta zama saikofat, daga saiwoyi biyu na Girkanci masu nufin rai da ciwo. A farko jaka ce da ake zuba kowane irin baƙon hali a ciki. Wanda ya tace ta shi ne Hervey Cleckley, likita a jihar Jojiya ta Amurka, a littafinsa The Mask of Sanity na 1941. Mutanen da ya bayyana ba su yi kama da dodannin fim ba. Suna da fara'a da zaƙin baki, ba su da fargaba, suna ƙarya ba ƙyaftawa, ba sa ɗaukar darasi daga wahalar da suka sha, kuma a jerin alamominsa ya sa rashin nadama da rashin kunya. Daga baya Robert Hare na Kanada ya mayar da wannan ma'auni: abubuwa 20, kowanne ana ba shi maki daga 0 zuwa 2, jimla 40. A Amurka da Kanada sai mutum ya kai 30 ake kiransa da sunan. A Ingila da wasu ƙasashen Turai akan tsaya a 25. Ba a yin awon sai an zauna da mutumin an yi doguwar hira, an kuma bi tarihinsa a rubuce.

Kada a ce ciwon Turawa ne. A 1976 wata masaniya, Jane Murphy, ta buga bincikenta a mujallar Science kan Yarbawan yankin Abeokuta da mutanen wani tsibiri na Alaska. Ta tarar Yarbawa suna da arankan, mutum mai ƙeta da taurin kai wanda ba ruwansa da kowa. Mutanen Alaska kuma suna da kunlangeta, wanda ya san daidai amma ba ya yi, maƙaryaci, mai bin matan mutane in maza sun tafi farauta, wanda faɗa ba ya shigarsa. Abin lura, masu maganin al'ummomin biyu ba su ɗauki wannan hali a matsayin ciwon da suke warkarwa ba. Sun raba shi da hauka tun kafin likitan asibiti ya zo.

To mu fa? Taskar Hausa cike take da sunayen miyagu, amma kowanne gefe ɗaya yake kamawa. Kangararre da gagararre suna magana ne a kan wanda ya fi ƙarfin horo. Taƙadari da tantiri sun ƙware a iskanci, har akan faɗe su da ɗan murmushi. Hatsabibi akwai ƙanshin tsafi da ban mamaki a jikinsa. Azzalumi sai yana da iko a kan wanda ya zalunta. Mugu ya yi faɗi da yawa, tun daga mai hana aron tsani har mai yanka mutum. Shi ya sa mutane ke komawa ga kalmomi biyu da tsofaffin nan suka ambata, kunya da imani.

Kunya, ko kumya kamar yadda ake faɗa daga Zurmi har Sakkwato, ba ƙaramar kalma ba ce. Lokacin da Anthony Kirk-Greene ya tsara siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe, a laccarsa da aka buga a 1974, ya sa ta cikin guda 10, tare da gaskiya da amana da haƙuri da mutunci da sauransu. Ita ce ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari, ta sa suruki ya kauce hanya, ta hana baƙo cinye tuwo. Tana da 'yan'uwa: alkunya, kara, kawaici, jin nauyi. A wurin Fulani, waɗanda Hausawa da kansu suke yi wa shaidar sun fi kowa ita, sunanta semteende, kuma tana cikin ginshiƙan pulaaku tare da munyal, wato haƙuri. Malamai kuma kullum suna tuna mana hadisin da ya haɗa kunya da imani. Wannan kunya birki ce, tana zuwa kafin aiki ta hana shi.

Amma a duba inda Bahaushe ya ajiye ta. Ya ce wane ba shi da ta ido. Ya ce tsaurin ido, ya ce idonsa ya bushe. Kunyarmu a ido take zaune, a gaban mutane ake yinta, mutane ke gani su yaba. Nan ne sunan marar kunya ya gaza, ta fuska biyu. Ta farko, ya yi arha. Yarinyar da ta mayar wa yayarta magana marar kunya ce, yaron da ya wuce dattawa bai gaishe su ba marar kunya ne. Fitsara ce wannan, kuma fitsararre sau da yawa zuciyarsa a buɗe take, shi ne ma zai fara kuka a wurin jana'iza. Ta biyu ta fi haɗari. Tunda kunyar ido aba ce da ake nunawa, ana iya koyonta. Mutumin da Cleckley ya bayyana, da a Shinkafi aka haife shi, da ya fi kowa iya durƙuso. Zai cire takalmi tun daga zaure, ya sunkuyar da kai, ya ce ranka ya daɗe, ya ce Allah gafarta malam, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya lura da abin da ke buɗe ƙofa, ya haddace shi. Da aka ce Musa a baki Fir'auna a zuci, da aka ce mugu ba shi da kama, irinsa ake nufi. Wanda ke tantance mutane da ladabin zaure, wannan mutum zai wuce shi da maki cikakke.

Akwai kuma wata kunyar da muke kira da suna ɗaya alhali daban take. Ita ce ta "ya sha kunya", "an ba shi kunya", "an kunyata shi". Wannan ba birki ba ce, rauni ne, bayan abu ya faru take zuwa. Danginta su ne wulaƙanci, tozarci, muzantawa, cin fuska, raini. Wanda ya ce mugu ba ya jin kunya ko kaɗan, wannan ta biyun ya manta.

James Gilligan likita ne da ya yi shekaru yana kula da masu kisan kai a gidajen yarin jihar Masacusets. A littafinsa na 1996 ya ce in ya tambaye su dalili, amsar da ya fi ji ita ce wai an raina su. A ganinsa, kunyar da mutum ya kasa haɗiyewa ita ce ke juyewa ta zama jini. Tun 1941 wani likita, Benjamin Karpman, ya raba masu wannan hali gida biyu. Akwai na asali, wanda kamar haka aka halicce shi, zuciyarsa a sanyaye, ba fargaba. Akwai kuma na baya, wanda duka da wulaƙanci da rashin gata suka mayar haka, cikinsa cike da damuwa da fushi. A 2001 wasu masu bincike, Morrison da Gilbert, suka auna masu laifi da ake tsare da su a Ingila, suka ga na bayan nan suna jin kunya ƙwarai, suna ganin kansu a ƙasa da mutane, na asalin kuwa suna ganin kansu a sama. Amma ko mai ganin kansa a sama, taɓa masa girma ka ga aiki. Bai damu da abin da ya yi maka ba, ya damu da yadda ka kalle shi.

Masana irin su June Tangney sun daɗe suna raba abu biyu da Hausa ke iya rabawa da kyau in an natsu. Ɗaya shi ne mutum ya ce na yi mugun abu, ɗaya kuma ya ce an ga tsiraicina. Na farko yana kallon wanda aka cuta, yana tura mutum ga neman gafara da biyan haƙƙi. Na biyu yana kallon kai, yana tura mutum ga ɓuya ko neman wanda zai ɗora wa laifi. A binciken da ita da abokan aikinta suka buga a 2014, kan fursunoni fiye da 400 a Amurka, masu jin nauyin laifi sun fi kauce wa komawa ɓarna bayan an sake su. Masu jin kunya kuwa, in kunyar ta kai su ga zargin wasu, komawa suke yi. In ba ta kai su can ba, takan taimaka. Ashe abin da saikofat ya rasa ba zafin tozarci ba ne. Abin da ya rasa shi ne wannan muryar ta ciki da malaman tauhidi da sufaye ke kira nafsul lawwama, rai mai zargin kansa ko ba wanda ya gani.

Wanda ya saurari muryoyin da ke fitowa daga dajin Shinkafi da Zurmi ya san yaren tozarci. Jagoran 'yan bindiga Bello Turji, a hirarsa da Trust TV ta watsa a 2022, ya yi ta nanata shanun gidansu da aka kwashe, da danginsa da ya ce 'yan sa-kai sun kashe, da hukumar da bai sami adalci a wurinta ba. A Disambar 2021, kwanaki kaɗan bayan an ƙona matafiya a cikin mota a yankin Sabon Birni, harin da aka ɗora wa yaransa, ya aika wasiƙa da Hausa ta hannun masarautar Shinkafi yana neman sulhu bisa sharuɗɗa, ciki har da rushe 'yan sa-kai. Cewa an yi wa Fulani da yawa kisan gilla a kasuwanni da hanyoyi ba ƙarya ba ne, kuma wanda ya musa bai san yankin ba. Sai dai lissafin da ke ƙirga raunin mai magana ɗaya bayan ɗaya, ya tsallake na matar da aka ƙona da ɗanta a mota, lissafin kunya ta biyu ne. A Yulin 2022 kuma, a shirin BBC kan ɓarayin dajin Zamfara, aka ga wani jagoransu, Ado Aleru, yana cewa shi ba ya satar mutane, yaransa ke yi, shi kisa yake yi. A cikin watan nan ne aka naɗa shi Sarkin Fulani a masarautar 'Yandoton Daji, har gwamnati ta dakatar da sarkin. A ranar naɗin nan, in ana neman inda kunya ta yi ƙaura, ba daji kaɗai za a duba ba.

Sauran abubuwan da zuciya ke ji fa? Ana yawan cewa irin wannan mutum ba ya jin komai, kuma ba haka ba ne. Yana fushi, yana murna in ya ci nasara, yana sha'awa, kuma zaman shiru yana gundurarsa fiye da kowa, shi ya sa yake neman abin da zai motsa jininsa. Inda giɓin yake shi ne tsoro da tausayi.

A 1957 David Lykken ya yi gwaji a Amurka: a kaɗa ƙararrawa, sai lantarki ya ɗan ja mutum, a maimaita. Mutum na yau da kullum, da ya ji ƙararrawar tafin hannunsa zai fara gumi tun kafin jan ya zo. Fursunoni masu wannan hali guminsu kaɗan ne. Sun san abin da ke tafe, jikinsu ne bai ɗauke shi da zafi ba. Wannan ya bayyana abin da iyaye da alƙalai suka daɗe suna mamaki, wato yaron da bulala ba ta canza shi, da ɓarawon da ya fito kurkuku ranar Laraba ya yi sata ranar Juma'a. Matsalarmu a nan ita ce harshenmu yana yi wa rashin tsoro kirari. Ƙasar da garinta ke ɗauke da sunan Namoda, mayaƙin zamanin jihadi, ƙasar 'yan dambe da 'yan tauri da mafarauta, ta san darajar namiji. Amma jarumi yana jin tsoro ya danne shi saboda wani abu da ya fi ransa. Wanda bai ji ba sam, ba abin da ya danne. Yaran da ke sauraron waƙoƙin yabon 'yan bindiga a waya ba wanda ya bambance musu wannan.

Tausayi kuma labarinsa ya fi ban mamaki. James Blair da wasu sun nuna cewa masu wannan hali suna wahalar gane tsoro da baƙin ciki a fuskar mutum, kuma wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa mai suna amigdala ba ya motsawa yadda ya kamata in sun ga mai wahala. Amma a 2013 masu bincike a Groningen ta ƙasar Holan suka sa wasu masu laifi a na'urar hoton ƙwaƙwalwa, suna nuna musu hannu yana shafa wani hannu, ko yana murɗe shi. Da farko ƙwaƙwalwarsu ba ta amsa sosai ba. Da aka ce musu su yi ƙoƙarin jin abin da mai hannun ke ji, sai bambancinsu da sauran mutane ya ragu ƙwarai. Kamar rijiya ce mai ruwa a ƙasa: ni da kai namu yana tasowa da kansa ko ba mu so, shi kuwa sai ya ga dama ya zura guga. Wannan ne ya sa yake iya karanta zuciyar uban da ke roƙo a waya, ya san daidai inda zai matsa, ba tare da roƙon ya hana shi barci ba.

Sai nadama. A nan Hausa ta yi mana gata, don tana da kalma biyu. Da-na-sani ita ce cizon yatsa a kan abin da ya kuɓuce maka. Nadama, a ma'anarta ta addini, baƙin ciki ne a kan laifin kansa. A 2016 Arielle Baskin-Sommers ta jami'ar Yale da abokan aikinta suka gwada mutane da wasan zaɓi mai riba da asara. Masu alamun wannan hali, in aka nuna musu abin da za su samu da sun zaɓi ɗaya hanyar, suna jin zafin da-na-sani kamar kowa. Abin da ba sa yi shi ne amfani da zafin nan wajen gyara zaɓi na gaba. To in mutum ya zauna a gabanka yana hawaye yana cewa ya yi da-na-sani, mai yiwuwa gaskiya yake faɗi. Tambayar ita ce, da-na-sanin me? Na mutanen da ya kashe, ko na jirgin yaƙin da ya hana shi kwana wuri ɗaya?

Zamfara ta ga amsar wannan da idonta. Gwamnatin Bello Matawalle ta shiga sulhu a 2019, a 2020 ta yi tayin shanu 2 ga duk wanda ya miƙa bindigar AK-47, aka kuma sami sabon suna a bakin jama'a, tubabbun 'yan bindiga. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, ya zo Gusau a Fabrairun 2021 ya miƙa makamai ya rantse da Alƙur'ani. Kafin ƙarshen Afrilu ya koma daji, can aka kashe shi. Alhali sharuɗɗan tuba da kowane ɗalibin zaure ya sani sun fi wannan tsauri: nadama, dainawa, ƙudurin ba za a koma ba, da mayar da haƙƙi ga masu shi. Uku na farko a zuciya suke ko a baki, ana iya kwaikwayonsu. Na huɗun ne kaɗai ido ke gani, kuma shi ne aka fi yin sassauci a kansa.

Wannan ya kawo mu ga marar imani, wanda a ganina ya fi duk sauran kusa. A aƙida imani gaskatawa ne, amma a bakin Bahaushe ya ɗauki wata ma'ana. In mace ta ga ana dukan jaki da kaya ta ce wannan bai da imani, ba shahadarsa take tuhuma ba, cewa take yi wahalar wani ba ta taɓa shi. Kisan rashin imani shi ne wanda aka yi ba tausayi. Kalmar ta tsallake ido ta shiga ƙirji, ta kuma haɗa abu biyu da masana suka gano, wato rashin tausayi da rashin tsoron abin da zai biyo baya. Illarta ɗaya, mai ji zai iya ɗauka kafirtawa ce, ya zaci mai sallah a sahun gaba ya kuɓuta daga sunan. Bai kuɓuta ba. Akwai kuma ƙeƙasasshiyar zuciya da busasshiyar zuciya, waɗanda ke nuna abu ne da ya taɓa zama ɗanye ya bushe. Sun dace da na bayan nan na Karpman. Mugun iri da hali zanen dutse kuwa sun karkata ga na asali, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki: binciken Essi Viding kan tagwaye 'yan shekara 7 a Ingila, a 2005, ya nuna gado yana da babban rabo a halin rashin tausayi. Sai dai rabo ba hukunci ba ne. Cibiyar Mendota a jihar Wiskonsin, da ke karɓar kangararrun samari, ta sami sauƙin komawarsu laifi ta hanyar lada nan take a kan kyakkyawan hali, maimakon ƙarin azaba. Masu kai yaro gidan mari a ɗaure shi da sarƙa su yi tunani a kan wannan.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ɗauki kalmar saikofat a yafa wa duk wanda ke daji. Ƙiyasin masana shi ne kusan mutum 1 cikin 100 a cikin jama'a, kuma ko a gidajen yarin Amurka tsakanin 15 zuwa 25 cikin 100. Kwamitin tsohon Sufeto Janar M.D. Abubakar ya ƙirga mutum 6,319 da aka kashe a Zamfara tsakanin 2011 da 2019. Ɓarna mai wannan girma ba aikin 'yan tsirarun da aka haifa da sanyin zuciya ba ce kaɗai. Akwai yaron da aka sace aka ba shi bindiga, akwai wanda aka kashe ubansa a gabansa, akwai mai tsoron kachallansa fiye da tsoron Allah, akwai wanda ƙwaya ke riƙe da shi. Da yawansu suna da kunya, sai dai an sauya musu idon da suke jin kunyarsa: a dabar 'yan bindiga, wanda ya yi jinkirin harbi shi ne abin dariya. Irin waɗannan ana iya dawo da su, kuma kiransu da sunan da ke nufin ba magani rufe musu ƙofa ne. Mafi muni shi ne a liƙa halin ga ƙabila, alhali Fulanin da ba su ɗauki bindiga ba sun rasa shanu da 'ya'ya a hannun ɓarayin nan kamar kowa. Ko shugabannin dabar ma, ba a auna mutum daga bidiyon minti 5. Babbar Kotun Tarayya a Abuja, da ta ayyana su a Nuwambar 2021, da sunayen Hausa ta kira su, 'Yan Bindiga da 'Yan Ta'adda, sunayen da ke faɗin abin da hannu ya yi. Kotu ta yi daidai da ta tsaya nan.

Kuma in 1 cikin 100 gaskiya ne, to mafi yawan masu wannan hali ba su taɓa kwana a daji ba. Suna cikin gari. Wani shi ne mai kai rahoton maƙwabcinsa ga ɓarayi, ya kuma zo jaje da safe. Wani ya cinye gadon marayu yana jan carbi. Wani ya auri mata ya sake su ɗaya bayan ɗaya, kowace ta fita da tabo, shi kuwa a majalisa ba wanda ya kai shi daɗin hira. Ana cewa kunyar marar kunya asara ce, kuma irin waɗannan da alkunyarmu suke cin abinci, don sun san ba za mu iya kallon idonsu mu ce ƙarya suke yi ba.

Saikofat a bar wa likitocin Kware da Barnawa da Dawanau, masu awo da tarihin mutum a gabansu. A bakin jama'a marar imani ya isa, mahaukaci kuwa a daina. Ga sarakuna da malamai da shugabannin ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi da Ƙaura Namoda da ake kira zaman sulhu, roƙona shi ne kada durƙuso da hawaye da rantsuwa su zama ma'auni, domin wanda ya fi kowa haɗari shi ya fi kowa iya su. A tambaye shi mutum nawa ya sako ba tare da ko kwabo ba, shanu nawa ya mayar, bindiga nawa ya ajiye, sannan a bar damina ta zagayo a ga ko manoman Badarawa sun shiga gonakinsu ba tare da biyan haraji ba, kafin a kira shi tubabbe.